Aikin Gida

Malama Folashade ta ce mu je mu ƙirga:
mutum nawa ke kwana a gidanku,
wa ke fara cin abinci, wa ke kankare tukunya.
Sunan darasin ilimin zamantakewa.

Gidanmu a Agege ɗaki goma sha huɗu ne,
famfo ɗaya, banɗaki biyu, ɗaya ba ƙyaure.
Na tsuguna gindin famfo da biro,
na rubuta: Iya Risi ke fara ɗiban ruwa,
ba don ta girmi kowa ba,
ɗanta ne ke karɓar kuɗin haya.

Baba ya dawo daga kasuwar Mil Sha Biyu,
warin albasa ya riga shi shigowa.
Ya leƙa takardata ya ce,
"Wannan karatu ne ko gulma?"

Na ce masa akwai na sama, akwai na ƙasa,
kowa da ajinsa, haka littafi ya tsara.
Ya yi dariya har da tari.
Ya zaro ɗan littafin bashinsa:
ga wanda ya biya, ga wanda ya gudu Kwatano,
ga wanda ba a tambayarsa
tun da matarsa ta rasu.
"Shi wannan wane aji kuka sa shi?"

Na yi shiru.
Jirgin ƙasa ya wuce, kwanukanmu suka yi rawa.

Da safe cikin danfo
kwandasta ya mayar wa wata mai goyo kuɗinta,
bai ko dube ta ba.
Na laluba jaka zan rubuta,
ashe biron na can cikin littafin Baba.