Kaurin Waya

A Dalcahue ruwan sama ba ya sallama.
Tun asuba yake dukan kwanon shagonmu
har Nibaldo ya shigo, hula sharkaf,
ya yar da guntun waya a kan tebur,
robarta ta narke, ta daskare kamar ƙanzo.

"Inji ya yi tari biyu, ya yi gum.
Batir sabo ne, Eduvina, jiya na saya."

Na ɗaga guntun. Bai kai ƙaramin yatsana ba.
Mita nawa daga batir zuwa inji?
Ya ce huɗu.
Na ce takwas ke nan,
wuta ba ta tafiyar da babu komowa.

Mahaifina ya yi walda a gaɓar nan shekara arba'in.
In an tashi aiki yakan damƙe kebul, ido a rufe.
In ɗumin ya zarce na jikin mutum
sai ya girgiza kai:
ƙofa ta yi kaɗan, taro ya yi yawa,
rabin wutar ta ƙare a turereniya.

Na janyo gammo uku daga ƙasan kanta,
masu lambar da ke tafiya da baya:
shida siririya, biyu ta fi ta jiki,
sifili kuwa ƙatuwa ce sosai.
Nibaldo ya ce, wa ya koya wa mutanen nan lissafi?

Idonsa na kan wata can, mai sheƙi, rabin kuɗi.
Na sa wuƙa na kankare bakinta.
Ja a waje, fari a ciki.
Alminiyom ne ya ari rigar jan ƙarfe,
zanen aro kuwa ba ya rufe katara,
balle inda gishiri ke lasar komai.

Sai na ɗora masa ta gaske a tafin hannu.
Nauyi.
Silili ɗaruruwa, kowane kamar gashin jariri,
ka tanƙwara ta sau dubu, ba ta yi maka fushi.

Ya ƙirga abin aljihunsa, ya sake ƙirgawa.
Bai kai ba.
Na yanka masa mita takwas da ɗan ƙari,
na matse kawunan da kaina,
na rubuta saura a littafin bashi,
ƙasan sunan ubansa, da rubutun nawa uban.

Da yamma ina share tartsatsin da ya huce
na ji ƙara daga mashigin ruwa:
murɗa ɗaya tak, inji ya amsa.
Ban leƙa ba. Na ci gaba da shara.