Ɗakin Mafitai

Kwana biyu rak muka samu,
ni da Habi, bayan shekara tara
ba mu taɓa fita mu biyu ba
sai biki, sai asibiti, sai gaisuwa.

Motar asuba daga Funtuwa.
Gusau ta wuce muna gyangyaɗi,
a Mafara aka tsaya shan mai,
azahar ta sauke mu Sakkwato,
kwalta kanta tana narkewa.

Mai a-daidaita ya dube mu:
"Baƙi na ku? Awo, na gani.
Wanga zahi ai wasa na,
ku dawo in bazara ta nuna
ku ga ƙwai bisa dutse shina dahuwa."

A Hubbare muka tuɓe takalma,
yashi ya gasa mana tafin ƙafa,
muka yi addu'a a gaggauce.
Majema kuwa, jar fatar akuya
an shanya ta layi-layi,
Habi ta toshe hanci da mayafi
amma jaka biyu ta taya, ba ta sayen ko ɗaya,
wai ita daɗinta tayawa.

Da yamma, gadar Kwalkwalawa:
Rima ya janye, ya bar fadama,
albasa kore har iyakar ido,
raƙumi ɗaya ya tsaya yana kallon mu
kamar mu aka kawo nunawa.

Da dare na kai ta gidan abinci.
Ta zauna, ta rasa inda za ta sa hannu.
Aka kawo tuwon shinkafa, gasasshen kifi,
ta ɗanɗana miya, ta matso kunnena:
"Daddawa ta yi kaɗan." Ta cinye tas.
Sai ga ta tana haɗa kwanuka,
na riƙe mata hannu, na ce, "Habi,
yau wani ke wankewa."

Washegari, a wani zaure na gidan tarihi,
aka ce ana baje kolin mafitai.
Mafici? Na yi dariya. Muka shiga.
Ɗari biyu ne, a jere a bango:
na kaba, na fata mai tuntu,
na gashin jimina, na Agadas, na Bida,
da wani ƙarami, baki duk a ƙone,
ya ƙare rayuwarsa a bakin murhu.
Ƙarƙashin kowanne an manna takarda:
a duba da ido, ban da taɓawa.

Sai wuta ta ɗauke.
Fanka ta juya sau uku, ta tsaya.
Malam Modi mai kula da zaure
ya aika a tayar da inji, aka ce ba mai.
Mu talatin, gumi har cikin ido,
ga iska ɗari biyu rataye a ƙusa,
kowa na kallo, ba mai cirowa.

Wata tsohuwa, Ige ake ce mata,
ta taka da sanda har bango,
ta zare na kaba mai jan baki:
"Ni nis saƙa shi, ɗiyana.
Ban saƙa shi don shi huta ba."
Malam Modi ya buɗe baki, ya rufe,
ya share wuya, ya ciro na jimina,
zaure duka ya ɗau kaɗawa.

Habi ta samu ƙonannen nan.
Ba ta fara da kanta ba, ni ta juyo,
haka hannunta ya saba:
daren ƙyandar Sagir, daren zazzaɓina,
duk daren da wuta ta yi ƙaura.
Na lissafa nawa na rama mata,
lissafin bai kai ɗaya ba.
Na ce, "Kawo." Ta ce, "Ka iya?"
Ige na gefe tana darawa.

A bakin ƙofa na sayi guda,
ɗari biyar, ban ko taya ba.
A mota, kafin Tureta, ta yi barci,
kanta a kafaɗata, mayafi ya zame.
Hannuna ya gaji tun Mafara.
Na sauya hannu. Da sauran tafiya
kafin Funtuwa.