Bashi Ne Ya San Gidana

Matar da ke bayan gilashi ta ce,
"Kawo takardar haya."
Na ce sunan Goggo Perpetua ke kai.
"To, ta kuɗin wuta."
Ita ma tata.
"Ruwa fa?"
Wannan na Mista Halvorsen ne, mai gida.
Ta turo mini fom ɗin Tobiah da yatsa ɗaya,
wai makaranta ba ta ɗaukar yaro
sai ta san inda yake kwana.

Wata goma sha huɗu ina Milwaukee,
hawa na biyu, ƙofa mai kore.
Ni na san matakala ta shida ce ke kuka,
ni ke tsallake ta in na taso aikin dare.
Karen Misis Gaines ya daina yi mini haushi tun bara.
A jikin ƙyauren kicin akwai zane uku na fensir,
tsayin ɗana ne, yana hawa.
Shin in ciro ƙyauren in shiga bas da shi?

Suka ce ba komai,
goggonki ta rubuta wasiƙa, ta sa hannu gaban lauya,
mai gida ya buga shaida.

Na faɗa mata tana yankan kabeji.
Wuƙar ta tsaya.
"Renata, mutum ɗaya na rubuta masa.
Ranar da ya ƙirga takalma uku a bakin ƙofa,
ko ya ƙara haya, ko mu kwana a mota."
Ban ja ba.
Wanda ya ba ka inuwa
ba ka miƙa masa gatari.

Shekara guda ina koyon zama kamar babu ni:
ban sa suna a akwatin wasiƙa ba,
in an ƙwanƙwasa, in kashe famfo,
in ce wa yaro mu yi wasan shiru.
Na ƙware.
Yau kuma ga hukuma na cewa
nuna mana sawunki.

Ran Alhamis ƙanƙara ta sauka har gwiwa.
Goggo ta shigo tana kakkaɓe hula,
ta ajiye ambulan kusa da gishiri.
Daga asibiti,
na daren da kunnen Tobiah ya hana mu barci.
Dala ɗari takwas da sittin da biyu.
Gargaɗi na ƙarshe, da jan tawada.

A sama kuwa, ga sunana cikakke,
ko harafi bai ɓata ba.
Ga titi, ga lamba, ga hawa na biyu.

Na yi dariya har Goggo ta taɓa goshina.
Duk garin nan babu wanda ya yarda ina nan
sai mai bi na bashi.

Da safe na shafe takardar da tafin hannu,
na tura ta ƙarƙashin gilashi.
Matar ta duba kwanan wata, ta ce,
"Wannan ɗaya ke nan.
Biyu muke karɓa."