Mun Ba Ki Gari

Duk daren Alhamis a Junín,
a bayan shagon Anselmo mai gyaran agogo,
tsofaffin ma'aikatan dogo kan haɗu su bakwai.
Ƙoƙon mate na zagayawa hannu zuwa hannu,
a tsakiyar tebur kuwa hoto guda,
an danne allon sunan tashar da babban yatsa.

Ƙa'idar ba ta da tsawo:
ka duba, ka faɗi suna.
In ka kasa ka ba da gari,
burodin mako mai zuwa a wuyanka yake.

Tashoshin wannan fili uwarsu ɗaya,
jan bulo, rufin kwano, benci da ƙararrawa,
sai sararin da ido kan gaji bai kai ƙarshensa ba.
Baƙo zai rantse tasha ɗaya aka ɗauka sau ɗari,
amma uwar tagwaye ba ta rikita 'ya'yanta.

Herminio ƙafafun tankin ruwa yake ƙirgawa.
Casilda, da ta shekara talatin tana yankan tikiti,
inuwa take bi, ta gano inda layi ya sa gaba.
Evaristo kuwa, tun da yana ta rufe masa ido,
ko hoton ba ya karɓa.
"Ku faɗa mini, bututun hayaƙi nawa?
Sigina a dama take ko a hagu?
Akwai itacen turare a bayan ɗakin kaya?"
Sai ya yi shiru kamar mai sauraron jirgi a kan gada,
ya saki sunan,
ya miƙa hannu a ba shi ƙoƙo.

Ni ba 'yar dogo ba ce.
Na zo ne da hoton da na tsinta
a gwangwanin biskit na mahaifiyata,
kwana tara da binne ta.
Yarinya ce cikin kwat da ta fi ƙarfinta,
ta rungumi kaza kamar za a ƙwace,
a gefenta akwati ɗaure da igiya,
da wani mutum da bakin hoto ya yanke wa kai.

Suka rufa a kansa.
Herminio ya ce irin wannan tanki sai kudu.
Casilda ta ce inuwa ta ƙaryata shi.
Aka kira suna, aka soke, aka kira wani,
har ruwan buta ya huce ba wanda ya lura.
Evaristo ya yi tambaya goma sha ɗaya,
ya shafa haɓa, ya yi ta sha biyu,
karon farko ke nan da bai miƙa hannu ba.

Can Anselmo ya cire tabarau.
"To, baƙuwa, kin kayar da maza.
Mun ba ki gari. Faɗa mana."

Na ce ni ma abin da ya kawo ni ke nan.
Ba yatsana ya rufe sunan ba,
allon ne bai shiga hoton ba tun asali,
ita kuma ba ta taɓa faɗar inda ta hau jirgi ba,
inda ta sauka kawai muka sani.

Agogunan shagon suka ci gaba da gardamarsu,
kowanne da nasa lokaci.

Da Alhamis ta zagayo
na tarar da burodi bakwai a kan tebur,
a ƙarƙashinsu tsohuwar taswira mai ƙamshin man inji,
an kewaye wurare uku da jan fensir.
Biyu, in ji Casilda, jirgi ya daina zuwa,
ciyawa ta haɗiye dogon.
Herminio ya ce tayar motarsa ɗaya ba ta da kirki,
amma Lahadi ba shi da abin yi.
Evaristo ya ce a sa shi a gaba.
"In mun isa, ku kaɗa mini ƙararrawar,
in ba a sace ta ba."