Murfi Ba Kwano

Murfin nan na tagulla ne.
Kwanonsa yana Arewa.

Shekarata tara a daren.
Sanyi ya daskarar da gaɓar Haeju,
kwalekwalen masunta ya cika har yana kurɓar ruwa.
Yayana Man-gil ya ɗaga ni kamar damin kirare,
ya miƙa wa Inna,
ya ce, ku tafi, ni da Kaka sai sahu na biyu.
Shinkafar tana hannunsa, murfin yana hannuna.
Kwana uku mu komo, in ji Inna.
Shekara saba'in da huɗu ke nan
ban gama ƙirga kwana ukun ba.

An ce zumunta a ƙafa take.
To, ƙafa ta taka ina?
An shuka nakiya inda muke shuka gero,
an ja waya mai ƙaya ta tsakiyar ciki ɗaya.
Agwagin ruwa na ƙetarewa ba takarda,
ni kuwa sunana ya tsufa a jerin masu jiran ganawa,
ƙuri'a ba ta taɓa faɗa masa ba.

Na yi aure a Gwangju,
na kasa busasshen kifi a bakin kasuwa.
Sai ga Mayun shekara ta tamanin.
Sojojin da suka shigo namu ne,
harshenmu ne a bakinsu,
wani ma ko gemu bai tsiro masa ba.
Mu matan kasuwa muka ɗora tukwane a titi,
muna dunƙula shinkafa da zafinta har tafinmu ya yi ja.
Da murfin nan na auna gishiri.
Ɗana Jae-gon ya karɓi dunƙule biyu,
ya ce ɗaya na abokinsa ne,
ya ɗare bayan mota yana taunawa.
Iyakar abin da na gani ke nan.
Ban ma ce masa ya ɗaura igiyar takalmi ba.

Rediyo ta ce 'yan Arewa ne suka zuga su.
Ni kaɗai ce 'yar Arewa a layinmu.
Na haɗiye kukana da sunan garinmu tare,
shekara bakwai ina gaida mutane da kai,
har ranar da tituna suka sake cika
aka ƙwato mana zaɓe.
Na dangwala, na fito, na zauna a dakali,
na rasa wa zan yi wa albishir.

Jikata Seul-gi ba ta da wannan ciwon.
Takan ce, Kaka, can wata ƙasa ce,
in an haɗe, wa zai biya?
Mu ko kuɗin haya sun fi ƙarfinmu.
Ba na jin haushinta.
Wanda bai ga kwanon ba
yaya zai san murfi ne wannan?

Amma daren Disamban nan da soja suka sake fitowa,
ita ce ta kira ni ƙarfe ɗaya,
haƙoranta na kaɗawa.
Kaka, ina ƙofar Majalisa.
Na buɗe baki in ce koma gida,
sai na ji kaina ina cewa,
kin ci abinci?
Na riƙe wayar har gari ya waye,
ina jin numfashinta cikin hayaniya.
Ta dawo. Wannan karon an dawo.

Jiya na ba ta murfin.
Ta juya shi, ta juya,
ta zuba 'yan kunnenta a ciki.
Ba komai.
Na dai ce mata, in hanya ta buɗe bayan raina,
ki hau motar farko zuwa Haeju,
ki bi gida-gida kina tambaya
ko an san wani tsoho
da shinkafarsa kullum take hucewa da wuri.