Shanyar Lahadi

A tsibirin Lewis, ran Lahadi
ko lilon yara sarƙa ake ɗaura masa.
Seonag kuwa ta yi shanya:
zanen gado uku, a idon masu zuwa majami'a.

Dattijo Tormod ya ƙetare titi,
da aya a bakinsa tun daga gida.
Ta taga ya jiyo tarin mijinta,
ya ga hannayenta, sanyi ya tsattsage su.

Ayar ta maƙale.
Iskar teku ta fizge zane ɗaya,
ya cafke kafin ya sha laka.
Shekara arba'in yana faɗin alheri,
bai taɓa jin sa jiƙe a hannu ba.

Can an ɗauki Zabura,
kujerarsa ba kowa.
Yana riƙe da gefen na huɗu,
ita tana matsewa.