Lissafin Mai Wanki

Jikana Lavelle ya shigo da takarda daga shagon aski,
ƙanƙara na narkewa a kafaɗar rigar sanyinsa.
Sunaye goma, an jera, an soke, an sake jerawa,
tun tsakar rana ake cacar baki
har aka kunna fitilun titin bakin tafki:
cikin masu rungume ƙwallo su keta maza a guje,
wa ya fi kowa a tarihin ƙungiyar garin nan?

Ya ce, "Kaka Ozella, shekara talatin da ɗaya
kika yi a ƙarƙashin filin. Raba mana gardama."

Na ce, su yadin fili suke ƙirgawa.
Ni yadin riga na sani.

Sun ɗora Lemuel Straughter a sama. To, ba laifi.
Ƙafarsa ba ta gaisawa da ƙasa sai a tsaitsaye.
Ranar Lahadi mutum dubu sittin su miƙe tsaye,
daren Lahadi rigarsa ta sauko mini fes,
kamar daga coci ya dawo,
ɗan koren ciyawa a gwiwar wando, shi ke nan.
Wanki ɗaya, ruwan sanyi.
Ina ƙaunarsa. Na uku ne.

Cleon Mabry bai san kwana ba.
In ya ga bango, ta cikin bangon yake bi.
Rigarsa sai ta kwana a jiƙe,
jini a wuya, taɓon Disamba ya daskare a lambar,
sau tara na mayar da hannun hagu da allura
a kaka guda, na ƙirga.
Makon jiya na gan shi a kantin magani da sanda.
Ya riƙe mini ƙofa, ya dube ni, ya dube ni,
sunana ya ƙi zuwa.
Na biyu ne. Ya biya kuɗin wurin da kansa.

Lavelle ya ɗaga biro. "Saura na ɗaya."

Booker Tibbs.

Ya yi dariya har da dukan tebur.
"Kaka, ba ya cikin goma. Ko cikin hamsin!
Sau nawa ma aka ba shi ƙwallon?"

Kaɗan. Shi ake turawa gaba ya buɗe hanya.
Ka taɓa ganin rigar da ta sha fentin kwalkwalin kowa?
Ja na wannan gari, shuɗi na wancan,
duk a kafaɗar dama, kamar an goge buroshi a kai.
Sabulu ba ya fitar da wannan.
Duk yadin da kuka rubuta wa Lemuel,
rabinsa a kafaɗar Booker na wanke shi.

Shi kaɗai ke ɓare filasta kafin ya jefa safa a kwando.
Daren da aka fitar da mu saura taki ɗaya,
sama ana fasa kujeru, 'yan jarida na cunkoso,
ya sauko inda injina ke ruri,
ya zauna a kan bokiti, bai ce uffan ba,
ya ninke tawul ɗari biyu tare da ni.
Ba daidai yake ninkewa ba. Ban gyara ba.

Shekara ta huɗu gwiwar ta tafi.
Aka ce in cire sunan daga bayan rigar
don sabon yaro na zuwa Litinin.
Na cire. Haruffa biyar. Suna cikin gwangwanin maɓallaina,
ka duba in kana so, ƙarƙashin zaren shuɗi.

Lavelle ya yi shiru, yana juya takardar.
Ya ce, "Babu wuri a sama."
Na ce, akwai, in ka ƙanƙance hannu.
Kuma da tawada za ka rubuta, ɗan nan,
ka danna sosai.
Na san abin da ke fita a wanki.